Gaidans ko Saikoloji: Wanne Zai Kai Ka Ga Yaran Makaranta a Gombe?

'Yar ƙanena ta gama sakandare, sakamako ya fito da kyau, har da Turanci da Lissafi. Wata Juma'a bayan la'asar ta same ni a tsakar gida ina gyaran zogale, ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta sa hannu muna zage ganyen tare. Can ta ce, "Goggo, ni fa irin aikinki nake so. Amma wata malamarmu ta ce in da gaske nake, in nemi Saikoloji, wai shi ne karatun ainihi, Gaidans kuwa kowa ma zai iya. Wanne zan sa a fom ɗin JAMB?"

Na ce ta bar ni in kwana da maganar. Ba ita ce ta fara yi mini wannan tambaya ba. Malamai masu NCE da ke son ƙaro karatu sun sha yi mini ita. Haka ma wani mai makarantar kuɗi a nan cikin Gombe, wanda ya ce yana neman mutumin da zai riƙa duba masa yara masu matsala, amma bai san wace takarda zai nema a hannunsa ba. Na daɗe ina malamar shawara a makarantun gwamnati. Na san daɗin aikin, na kuma san inda ƙarfina ya ƙare.

A wurin suna ake fara ruɗewa. A Amurka da Ingila, masanin halayyar ɗan Adam na makaranta, wato wanda ya ƙware a Saikoloji, muƙami ne mai zaman kansa, da karatunsa da lasisinsa, daban da na malamin shawara. A makarantun gwamnati na Gombe da Bauchi kuwa, kujerar da aka sani ita ce ta malamin shawara, wanda ɗalibai ke kira malamin Gaidans. Duk mai burin zama masanin halayya na makaranta a nan, ya sani ba zai tarar da ofis yana jiransa ba. Aikin na nan jingim, gurbin ne ba a tanada ba.

Ayyukan biyu ba tushensu ɗaya ba, kuma kowanne yana ɗauke da halin tushensa har yau. A 1908 Frank Parsons ya buɗe ofis a birnin Boston don taimaka wa matasa su zaɓi sana'ar da ta dace da su, daga nan aikin shawara ya taso. Na masanin halayya ya ɗan girme shi. A 1896 aka kai wa Lightner Witmer na Jami'ar Pensilbaniya wani yaro ɗan shekara 14 da ya kasa rubuta kalmomi daidai, shi kuma ya zauna ya bi diddigin dalili. A 1905 Alfred Binet da Theodore Simon suka fitar da gwajin basirarsu a Faransa, don a gano yaran da ke buƙatar taimako na musamman a aji. A 1913 hukumar birnin Landan ta ɗauki Cyril Burt aikin duba yaran makarantunta. Ɗaya yana tambayar inda yaro zai dosa, ɗayan yana neman abin da ya tsayar da shi.

A Nijeriya aikin shawara ne ya fara samun gindin zama. Ana danganta farkonsa da 1959, lokacin da sistocin makarantar St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga waje su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin ayyukan da ke gabansu. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu aikin, wadda ake kira CASSON a yanzu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a sa malaman shawara a makarantun gaba da firamare, tsarin 6-3-3-4 kuma ya ƙara musu nauyi, domin da yaro ya gama ƙaramar sakandare sai an yanke inda zai bi: kimiyya, ko adabi da zamantakewa, ko kasuwanci, ko kwalejin fasaha. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta riƙa kula da masu wannan aiki.

Abin da ke takarda ke nan. A ƙasa kuwa, sai wanda ya gani. A wata makarantar jeka-ka-dawo da na yi aiki, ofishina kusurwar ɗakin ajiyar littattafai ne, da benci ɗaya da labulen da na ɗinko da kuɗina. Ni kaɗai ce ga ɗalibai sama da 1,000, ga darasin aji shida da aka ɗora mini. In yaro ya yi laifi sai a ce a kai shi wurin Malama, har yara suka ɗauki ɗakin wurin hukunci. Sai da na roƙi shugaban makarantar ya raba ni da maganar bulala, sannan suka fara shigowa da ƙafarsu.

Aikin malamin shawara faɗi gare shi. Shi ke karɓar sababbin ɗalibai ya nuna musu kan makaranta, ya ajiye wa kowa fayil, ya zauna da 'yan aji uku kan zaɓin darussa, ya duba kada ɗalibi ya haɗa darussan JAMB da ba su dace da kwas ɗinsa ba. Kuskure ɗaya a nan yana cinye wa yaro shekara guda. Yana da nasa kayan aikin, irin tambayoyin da Farfesa Bakare na Jami'ar Ibadan ya tsara kan yadda ɗalibi ke karatu da sana'ar da zuciyarsa ta karkata gare ta. Shi ne kuma ya kamata ya fara lura da yaron da idonsa ya sauya, ya fara barci a aji, ya koma zama da waɗanda ake zargi da ƙwaya ko shiga 'yan dabar Kalare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma malamin shawara ne ke kusa da iccen kullum.

Na tuna wata yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare, mai ƙoƙari, da ta fara fashin kwana ɗaya, kwana biyu, har ta kai mako cur. Na kira ta, ta zauna tana murza gefen hijabinta, ko uffan. Sai a zama na uku ta buɗe baki. Mahaifinta ya kwanta ciwo, mahaifiyar na suyar awara, ita ke kaiwa tasha, kuma wani a tashar ya fara binta da maganar da ba ta so. Ranar Asabar na je gidan. Na gaisa da uwar, na tambayi mai jiki, muka daɗe kan tsadar waken suya kafin na ce, "Inna, maganar 'yar taku ce ta kawo ni. Kanta na ja, kuma shekara ɗaya ta rage mata." Ta sauke numfashi ta ce, "Malama, ba ƙin karatun muke ba. Abin kaiwa baki ne." Muka daidaita a kan a riƙa sayar da awarar a ƙofar gida da yamma, ni kuma na nema mata sassaucin kuɗin da ake bin ta a makaranta. Ta dawo, ta gama. Babu wani gwaji da aka yi. Abin da ya yi aiki shi ne sanin gari, da iya magana da manya, da riƙon amana. A irin wannan, malamin shawara ba shi da na biyu.

Amma akwai wani yaro da har yau yake raina. Ɗan aji ɗaya ne na ƙaramar sakandare, malamai sun gama yi masa hatimi da daƙiƙi. In yana kwafa daga allo, rubutunsa tsaf, kamar an buga. Na ce ya karanta mini abin da ya rubuta da hannunsa. Ya ƙura wa takardar ido, gumi ya tsatso masa a kan hanci, sai ya ɗago yana kallon bakina ko zai tsinci kalmar. Yana musanya b da d, yakan kuma karanta "daka" inda aka rubuta "kada". Yaron nan kuwa ya yi shekara shida a firamare, yana da hadda mai kyau da ya ɗauka da ka a Islamiyya, kuma a rumfar babansa a kasuwa yana lissafin mudu da canji kafin mai saye ya gama zaro kuɗi. Na sa aka duba masa ido da kunne, duk lafiya. Uban ya zo ya zauna a bencin nan ya ce, "Malama, me ke damunsa? In na asibiti ne ki faɗa mini, in na gida ne ki faɗa mini." Ina da zato, amma zato ba bincike ba ne. A nan ilimina ya tsaya.

Daga inda na tsaya masanin halayya ke ɗauka. Ba ya fara da gwaji. Zai zauna a bayan aji ya kalli yaron ana darasi, ya duba littattafansa, ya ji ta bakin malamai, ya tambayi iyaye tun daga ciki da haihuwa: yaushe ya fara tafiya, yaushe ya fara magana, ya taɓa sanƙarau ko zazzaɓin da ya sa shi jijjiga, akwai mai irin wannan a dangi? Sannan ya zauna da yaron su biyu, ya auna tunaninsa, da riƙe abu a ka, da saurin fahimta, da yadda yake rarrabe sautukan kalma. Babban aikinsa shi ne rarrabewa, domin yara biyar na iya kasa karatu, kowanne da dalilinsa. Wani ba a taɓa koya masa da kyau ba, a ajin mutum 100 ya taso. Wani sikila ce ke raba shi da aji rabin zango. Wani yana da jinkirin fahimta a komai. Wani hankalinsa ne ba ya zama wuri ɗaya. Wani kuma basirarsa lafiya lau, haruffa ne kawai ke yi masa gardama, abin da ake kira disleksiya. Maganin ɗaya ba zai yi wa ɗaya ba. A ƙarshe sai ya rubuta rahoto, ya ce ga abin da aka gani, ga yadda malamin aji zai sauya koyarwa, ga abin da za a yi a gida, a dawo bayan wata kaza a sake aunawa. Rahoton nan shi ne abin da ban iya bai wa uban yaron ba.

Sai dai wannan hanya tana da nata raunin a wurinmu, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Fitattun gwaje-gwajen, irin na Wechsler da ake yi wa yara 'yan shekara 6 zuwa 16, an gina su ne a kan yaran wasu ƙasashe, da harshensu da abin da suka saba gani. Ɗauki yaro daga Dukku wanda Fillanci ya tashi da shi, ko ɗan Kaltungo mai Tangale, ko ɗan Deba mai Tera. Hausa ce harshensa na biyu, Turanci na uku. In aka yi masa tambayoyi da Turanci ya gaza, Turancinsa aka auna. Ko gwajin Raven na 1938, wanda zane-zane ne ba magana, yana sauƙi ga yaron da ya saba da takarda fiye da wanda ya saba da kiwo. Ƙwararre ya san haka, shi ya sa ba ya yanke hukunci da lamba ɗaya. Mai rabin ilimi kuwa zai iya liƙa wa yaro lafiyayye sunan da zai bi shi har girma. Ga kayan gwajin da tsada, da kuɗin waje ake sayensu, kuma ba kowa ake sayar wa ba.

Wannan haɗari ne ya sa ƙasashen da suka tsara aikin suka tsawaita karatunsa. A Amurka, bayan digiri na farko sai mutum ya ƙara kusan shekara uku, ciki har da sa'o'i 1,200 na aiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, aƙalla rabinsu a cikin makaranta. A Ingila digirin dakta ne na shekara uku, sannan a yi rajista da hukumar da ke kula da masu aikin. Ƙungiyar masu wannan aiki a Amurka tana ba da shawarar masani ɗaya ga ɗalibai 500, ta malaman shawara kuma tana cewa ɗaya ga 250. Ko a can, malamin shawara ne ake son ya fi yawa, don shi ke tare da kowa.

Abin da malamar 'yar ƙanena ba ta gaya mata ba shi ne, digiri na farko a Saikoloji ba ya mai da mutum mai duba yara. Shekara huɗu ce ta ilimin tushe: yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, girman yaro, koyo da mantuwa, halayyar jama'a, cututtukan tunani, da ƙididdiga mai yawan gaske. Wanda ya gudu daga Lissafi ya faɗa Saikoloji zai tarar da shi a can yana jira. Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen a 1964, kuma ga mutumin Bauchi ko Gombe, Jami'ar Jos na cikin tsofaffin wuraren da ke kusa. Bayan digirin da hidimar ƙasa, sai an koma digiri na biyu a fannin asibiti ko na ilimi, a yi aiki a hannun ƙwararru, kafin a fara maganar gwaji da rahoto. In kuma makarantar gwamnati ake son shiga, to a matsayin malami za a ɗauki mutum. Ke nan sai ya ƙara da PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri, wadda jami'o'i da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ke bayarwa, sannan ya yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993.

Gaidans kuwa a tsangayar ilimi yake. Ana karanta dabarun zama da ɗalibi, da shawarar sana'a, da halayyar matasa, da ɗan gwaji da aunawa, a fita koyarwar gwaji, a kuma fita gwajin aikin shawara a wata makaranta. Wanda ya gama malami ne, ƙofar TRCN a buɗe take gare shi. Mai NCE daga kwalejin Azare ko Kangere ko Billiri ko ta tarayya da ke Gombe yana iya shiga kai tsaye ba daga aji ɗaya ba, ya rage shekara. Kafin a cike fom, a buɗe kundin JAMB na shekarar a ga jami'ar da ke da kwas ɗin da darussan da take nema, kada a dogara da "an ce".

In aka ƙirga, mai Gaidans zai iya tsayawa gaban ɗalibai cikin shekara biyar, har da hidimar ƙasa. Mai Saikoloji da ke son kaiwa ga duba yaran makaranta yana kallon bakwai zuwa takwas, in ba a yi yajin aiki ba, kuma na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Ga kuɗin mota da haya a garin da ba naka ba. Ga 'ya mace a nan akwai ƙarin lissafi: aure na iya zuwa a tsakiya, kuma ba kowane gida ke barin matarsa ta tafi Jos ko Zariya karatu ba. Gara a yi wannan magana tun kafin a fara.

Akwai hanya ta uku, kuma ita na fi nuna wa mutane. Mutum ya yi Gaidans, ya kama aiki, ya yi shekaru yana ganin yara, sannan ya koma digiri na biyu a halayyar koyo da koyarwa ko ilimin masu buƙata ta musamman. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen da ya haɗa halayyar koyo da aikin shawara wuri ɗaya, Jos da Bayero kuma suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Mai bin wannan hanya yana zuwa aji da fuskokin yara a kansa, ya san abin da ya zo nema. Amma ya tambaya tun kafin ya biya kuɗi: za a sa ni in gwada yaro da hannuna, wani ƙwararre na kallo yana gyara mini? In amsar ita ce lacca da rubuta kundi kawai, zai fito da ilimi mai amfani, amma bai zama mai gwaji ba, kuma kada ya kira kansa haka.

Maganar abinci kuma, mai Gaidans hukumar ɗaukar malamai ko SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ce ƙofarsa, a mataki na 08 kamar kowane mai digiri, ko makarantun kuɗi. Albashin malami ne, ba a yin arziki da shi, amma gurbin sananne ne, kuma ana iya samunsa a Nafada kamar yadda ake samu a Gombe. Mai digiri na biyu a Saikolojin asibiti ya fi samun wuri a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, ko manyan asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Maiduguri da Kaduna, ko wuraren gyaran masu shaye-shaye, ko koyarwa a jami'a. Rikicin Boko Haram ya kawo ƙungiyoyin agaji da ke neman masu kula da waɗanda suka ga tashin hankali, kuma mu a Gombe mun karɓi yara daga Borno da Yobe da ke firgita in ƙofa ta buga da ƙarfi. Kuɗin ƙungiyoyin ya fi, amma kwantiragi ne, yana ƙarewa. Guraben asibiti kuwa kaɗan ne. Abin da ke damuna shi ne, duk waɗannan wurare suna janye masanin daga makaranta, inda yaro irin nawa yake zaune.

Akwai iyakar da ta hau kan su biyun. Babu mai rubuta magani a cikinsu, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, wanda ya yi karatun likita sannan ya ƙware. Duk wanda ya yi aiki a makarantar kwana ta 'yan mata ya san daren da yarinya ɗaya za ta faɗi tana ihu, kafin asuba biyar sun bi ta. Iyaye za su nemi a yi ruƙya, ni kuma ban taɓa hana kowa addu'a ba. Abin da nake roƙo shi ne a haɗa da asibiti, domin a cikin masu faɗuwar akwai mai farfaɗiya, akwai wadda ba ta ci abinci ba, akwai wadda tsoron jarrabawa ya cika mata ciki, akwai kuma wadda wani abu ya same ta da ta kasa faɗa. Malamin shawara zai raba su, ya kwantar da hankalin sauran, ya saurari kowacce ita kaɗai. Masanin halayya zai bi diddigin wadda abin ya ƙi saki. Mai farfaɗiya kuwa ta likita ce, kuma jinkiri cutarwa ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tsaya ne kan mutunci da haƙƙin mai fama da irin wannan lalura, kuma yaro ma yana ciki.

Haka maganar sirri. Yaro ba zai sake dawowa ba in ya ji labarinsa a ɗakin malamai. Amma in ya ce zai kashe kansa, ko wani babba na lalata da shi, sirri ya ƙare a nan. Sai a gaya masa a fili cewa dole a nemo wanda zai kare shi, a kuma yi hakan a ranar.

Mai makarantar kuɗin nan, abin da na ce masa shi ne ya ɗauki mai digirin Gaidans na dindindin, ya ba shi ɗaki mai ƙofa, kada ya cika masa jadawali da darussa, kada kuma ya damƙa masa bulala. In makarantar haɗe take, a samu mace da 'yan mata za su iya zuwa wurinta. Masanin halayya kuwa ba sai ya ajiye shi kullum ba, da wuya ma ya iya biyansa. Ya ƙulla yarjejeniya da ɗaya, ya riƙa zuwa sau ɗaya ko biyu a zango ya duba yaran da aka ware, ko makarantu uku su haɗa kuɗi su gayyato shi. Kafin ya yarda da kowa, ya nemi shaidar digiri na biyu, ya tambayi inda ya yi aiki a hannun ƙwararru, da harshen da zai gwada yara da shi, ya kuma ce a nuna masa rahoto ɗaya da aka goge sunan mai shi. Wanda ya kalli yaro minti goma ya ba shi suna, a sallame shi.

Washegari da safe na kira 'yar ƙanena. Na ce, "Na san ki tun kina goye. Ke mai jama'a ce, yara na bin ki, kuma babanki na da ƙannenki huɗu a makaranta. Ki sa Gaidans. Ki fito ki kama aiki, ki riƙe kanki. In kin yi shekara uku kina ganin yara, tambayar abin da ke hana wasu karatu ta hana ki barci, ki koma Zariya ko Jos, ni zan tsaya miki wurin babanki da duk wanda kika aura. Da ke mai son lissafi ce da zama shiru kan abu ɗaya, kuma akwai mai ɗaukar nauyinki shekara takwas, da Saikoloji zan ce, don muna da ƙishirwar irinsu."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Goggo, yaron nan mai haruffa fa, ina ya ƙare?"

Na ce na zauna da shi bayan tashi har zango biyu, muna bin sauti ɗaya-ɗaya da katin da na yanka daga kwalin sabulu, da Hausa muka fara kafin Turanci. Ya kai yana karanta gajeren labari a hankali, yatsa a kan layi. Daga baya aka yi mini canjin makaranta. Na gan shi bara a kasuwa, rumfar ta zama tasa, ya auna mini gero ya ƙi karɓar kuɗi. Ya nuna mini littafin da yake rubuta bashi a ciki, da hannunsa.

Ta ce za ta yi istihara, ta kuma ji ta bakin babanta kafin a buɗe sayar da fom.